Babba ya koma karatun likita: a rage masa shekaru?

Yau ga wata tambaya da za mu zauna a kanta. Kada ka ce ta malaman jami'a ce. Ta shafe ka. Ta shafi mai ɗakinka ranar haihuwa, ta shafi ɗanka ranar da jikinsa ya yi zafi, ta shafi akuyarka da saniyarka.

Mu fara da lissafi, tun da yanzu ka iya shi a rubuce. Yaro ya shiga lekkol yana da shekara 7. Zai yi shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise. Shekara 13 ke nan. Sai ya ci jarrabawar bak. In yana son zama lokotoro, wato babban likitan mutane, sai ya ƙara shekara 7 ko 8 a jami'a. In likitan bisashe yake so, sai ya ƙara kamar shekara 6, galibi a makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, wadda aka buɗe a 1968, wadda Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka yi tarayya a kanta. Ka haɗa duka: shekara 19 zuwa 21. Zai fito yana da 26 zuwa 28, in bai maimaita aji ba, in kuma yajin aiki bai ci masa shekara ba.

To, wannan yaro ne. A ce kuma babba ne. A ce wani majo ne, shugaban gidan likita a Korgom ko Kanambakashe, yana da shekara 40. Ya yi shekara 15 yana allura, yana ɗinkin rauni, yana karɓar haihuwa da tsakar dare. Ko a ce ma'aikacin kiwo ne da ya yi shekara 20 yana bin rugage daga Urafan har Gidan Amumun da allurar rigakafi. Yau ya ce yana son ya koma karatu ya zama cikakken likita. Sai a zaunar da shi benci ɗaya da yaron da bai taɓa riƙe allura ba, su yi shekara 8 tare? Ko a rage masa?

Na san amsar da za ta fara zo maka. Za ka ce a rage masa mana. Kana da hujja, domin kai kanka shaida ne. Tun 1963 ake yaƙi da jahilci a ƙasarmu. Abin da yaro yake shekara biyu ko uku yana koyo a lekkol, babba yakan kama shi cikin rani ɗaya ko biyu. Ga shi kana karanta wannan takarda, alhali ba ka yi shekara shida a benci ba.

Amma tsaya ka tuna yadda abin ya tafi a makarantarku ta manya. Ranar da aka zo kan lissafi, ba ku sha wahala ba. Wanda ya saba cin kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ya san jika nawa ne in an sayar da tiya talatin ta wake. Yana yin lissafin a ka kafin malami ya gama rubutu a allo. Abin da ya rage masa shi ne ya san siffar lambobin. To, ranar da aka zo kan riƙon alkalami fa? Hannun da ya saba da hauya da galma ya ƙi lanƙwasawa. Wasu dattawa sun yi sati uku suna fama da harafi ɗaya, jikokinsu suna leƙe ta taga suna dariya.

Ka ga ba furfura ce ta gajarta maka hanya ba. Inda ka zo da saninka, nan hanya ta gajarta. Inda ka zo hannu wofi, ka biya kuɗin hanya cikakke, wani wuri ma har da ƙari. Ka riƙe wannan, za mu koma kansa.

Masu cewa a rage suna da magana mai nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Tasawa ta haura mutum dubu 500. Gundumar Mayahi ita ma haka. Yau sun fi haka nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya takan auna da lokotoro ɗaya ga mutum dubu 10. A Nijar lokotoro ɗaya yana ɗauke da fiye da mutum dubu 20, kuma da yawa daga cikinsu suna Yamai da manyan birane. Kai ka san abin da wannan yake nufi. Mace ta kwana biyu tana naƙuda. A ɗora ta a amalanke zuwa gidan likita. Majo ya duba ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai fiɗa. A nemi mota zuwa asibitin gunduma. Wata ta isa, wata ba ta isa ba. Wata ta tsira da rai amma ɗan ya tafi, ita kuma ta dawo da yoyon fitsari. Don irin waɗannan mata aka buɗe cibiyar aikin yoyon fitsari a Danja, kusa da Maraɗi, a 2012. Duk shekarar da aka ƙara wa mai koyo a benci, shekara ce da wani gari ya yi babu likita.

Ga kuma lissafin rayuwar mutumin. Ma'aikacin gwamnati yakan bar aiki yana wajen shekara 60. Wanda ya shiga karatu da 40 ya fito da 48, shekara goma sha kaɗan suka rage masa. In an rage masa uku, jama'a sun ci ribar uku. Yana da mata da ƴaƴa, wataƙila da tsohuwa a ɗaki. Yaro ɗan shekara 20 zai iya kwana a tabarma ɗaya da abokinsa ya ci garin rogo. Magidanci ba zai ce wa iyalinsa su jira shekara 8 kafin a ɗora tukunya ba.

Duk wannan gaskiya ne. To me ya sa karatun ya yi tsawo haka tun farko? Mugunta ce ta masu ilimi, don kada a yi yawa? Akwai masu faɗin haka, kuma kowace sana'a tana da ɗan kishin ƙofarta, har ƙira da wanzanci. Amma akwai dalili na ainihi.

Ɗauki zazzaɓi. Yaro goma aka kawo jikinsu da zafi a watan kaka. Takwas ko tara zazzaɓin cizon sauro ne. Wanda ya yi wata shida yana koyo zai gane shi, ya ɗiga jini a ɗan gwaji, ya ba da magani, yaron ya tashi. Saura ɗaya ko biyu. Wannan ciwon huhu ne, ko taifot, ko sanƙarau, ko wani ciwon jini da aka haife shi da shi. A ido duk kamarsu ɗaya ranar farko. Yawancin shekarun nan na jami'a, saboda yaron nan ɗaya ake yin su. Ana koya wa ɗalibi yadda jiki yake daga ciki: jijiya ina ta bi, ƙoda me take tacewa, hanta me take yi da maganin da aka sha. Ana koya masa ciwon da ba a cika gani ba, wanda yake sa rigar ciwon da ake gani kullum. Maganin da ya warkar da kai, shi zai kashe mai ciwon ƙoda in ba a rage masa ba. Wanda bai san dalili ba, zai bi takardar umurni daidai, ya yi kisa da kyakkyawar niyya.

Ciwo kuma ba ya zuwa don ɗalibi yana sauri. Sanƙarau da zafin rani yake zuwa. Zazzaɓin sauro da damana da kaka. Wata matsalar haihuwa sai ka yi wata da watanni a ɗakin haihuwa kafin ka ga guda. Dole mai koyo ya ga shekaru sun juyo a asibiti, babba yana tsaye a kansa yana gyara masa. Kamar noma ne: kome hazaƙarka ba za ka ga damana uku cikin shekara ɗaya ba.

Na bisashe ma ya fi wata wahalar. Dabba ba ta cewa nan ke yi mini ciwo. Kuma ba jiki iri ɗaya ba ne. Saniya da akuya da tunkiya masu tuƙa ne, cikinsu ɗaki huɗu. Jaki da doki ciki ɗaya. Raƙumi nasa daban, kaza nata daban. Likitan bisashe ne kuma yake duba nama a mahauta, ya hana a sayar da naman da saifa ta kashe, ko mai tarin fuka. Shi ya san kwana nawa za a bar nonon saniya bayan an yi mata allura kafin yara su sha. In ya yi kuskure, abin ba a garke yake tsayawa ba. Yana shiga tukunya.

Yanzu ka dubi majon nan namu da idon gaskiya. Akwai abin da ya fi sabon lokotoro sani. Ya san neman jijiyar jariri da hasken tocila. Ya san fuskar matar da jini zai ɓalle mata. Ya san yadda ake gaya wa maigida magana mai ɗaci ba tare da ya ɗauke matarsa ya koma gida ba. A sa shi ya sake koyon yin allura da wanke rauni, ɓarnar lokaci ce, kuma wulaƙanci ne. Amma ilimin sinadarai da na cikin jiki, wanda yaron lise ya baro jiya, shi ya baro nasa shekara 20 da suka wuce. A nan ba ragi yake bukata ba. Wataƙila ma sai an ba shi wasu watanni na share fage.

Akwai wani abu kuma da ba a son faɗa. Shekara 15 ta aiki tana koya wa mutum daidai, tana kuma koya masa kuskure ya zauna daram. Wanda ya saba ba da allura ga duk mai zazzaɓi don jama'a sun fi yarda da allura, sai an yi da gaske kafin ya bari. Icen da ya bushe a karkace ya fi ɗanye wuyar miƙewa. Haka makiyayi. Tun kafin zuwan Turawa wasu Fulani suna da tasu dabarar rigakafin ciwon huhu. Su yanki ɗan guntun huhun saniyar da ciwon ya kashe, su tsaga fatar bisa hancin mai lafiya, su cusa. Dabarar tana ba da kariya, kuma wannan ilimi ne na gaske wanda lura ta haifa. Amma wani lokaci wurin yakan kumbura ya ruɓe. Wanda ya gaji wannan sani ya zo da dukiya, sai dai dole a zauna da shi a tsince tsakuwa daga tsaba.

Wasu ƙasashe sun gwada ragin, bari ka ji yadda suka yi. A Ingila karatun likita shekara 5 ne ga wanda ya fito daga sakandare. Daga shekarar 2000 suka buɗe wata hanya ta shekara 4. Amma ba a tambayar shekarunka a ƙofa. Ana tambayar ko ka riga ka gama wani karatun jami'a, sannan ka ci jarrabawar shiga. Mai shekara 45 da ba shi da wannan takarda zai yi biyar ɗinsa cif. Mai shekara 22 da yake da ita zai yi huɗu. Shekara ɗaya tak aka rage, hutu ya ragu, aiki ya ƙaru, kuma abin da ake nema gare su ranar fita ɗaya ne da na sauran. Wasu makarantun likitan dabbobi na can ma haka suke yi.

A Amurka kuma, a 1965, jami'ar Duke ta ɗauki tsofaffin sojan ruwa huɗu waɗanda suka yi aikin jinya a soja. Ta horar da su shekara 2. Amma ba ta kira su lokotoro ba. Ta ba su wani suna, mataimakin likita, kuma suna aiki ƙarƙashin likita. Sana'ar tana nan har yau, ta yaɗu.

Mu ma nan an taɓa yi mana gajeren karatu, kuma labarinsa yana da daɗi da ɗaci. A 1918 Faransawa suka buɗe makarantar likita a Dakar don ƴan Afirka ta Yamma. Shekara 4 ake yi. Cikin shekarun 1920 aka yi ta likitan dabbobi a Bamako. Waɗanda suka fito sun yi aiki mai yawa a ƙauyuka, sun yi yaƙi da agana da ciwon barci. Hufuwet Bwanyi, wanda ya zama shugaban Kodibuwa, a makarantar Dakar ya fito a 1925. Amma ana kiransu likitan Afirka, ba lokotoro ba. Kome ƙwarewar mutum, yana ƙarƙashin Bature mai cikakkiyar takarda, albashinsa ƙasa, kuma tsanin hawa sama ƙanƙane ne. An rufe wannan tsari cikin shekarun 1950, aka koma cikakken karatu. Ƙasarmu ta buɗe tata makarantar likitanci a jami'ar Yamai a 1974. Jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, ita ma daga baya ta samu sashenta na likitanci. Iyayenmu da suka nemi cikakken karatu ba don son wahala suka nema ba. Sun ga cewa gajeren karatu yana iya zama katanga: wannan na birni da masu hali, wannan na talaka.

Nan ne tsorona yake. In aka ce manya su yi shekara 4 don kawai su manya ne, a ba su suna lokotoro, ina kake tsammani za a tura su? Ba asibitin da manyan ƙasa suke zuwa ba. Cake za a tura su, da Hawandawaki, da Maijirgi. Mutumin ƙauye ba shi da halin duba takardar kowa. Farar riga yake gani, ya miƙa ɗansa. Sunan nan lokotoro alkawari ne: wannan mutum an gwada shi, ya san abin da kowane lokotoro ya sani. In an ba da sunan ba tare da sanin ba, ba a taimaki ƙauye ba, an yi masa algus ne, kamar mai zuba ruwa a nono. Kuma wanda aka cuta ba ya cikin masu yanke shawarar. Ɗalibin ya amince, makarantar ta amince, gwamnati ta amince. Mai naƙudar ba a tambaye ta ba.

Kada ka ji wannan ka ce gajeren horo ba shi da amfani. Jiharmu ce ma ta nuna wa duniya amfaninsa. Tun cikin shekarun 1960 a ƙasar Maraɗi ake zaɓen mutum biyu ko uku a gari, manya, manoma, waɗanda jama'a suka yarda da su. A horar da su kwana goma zuwa sati biyu, a ba su akwatin magani: nibakin, asfirin, jan magani na rauni, maganin ɗiga wa ido. Ungozomomin gari su ma a koya musu wanke hannu da yanke cibi da tsabtatacciyar reza. A 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafi a kan ƙasashen da jama'a suke kula da lafiyarsu da kansu, aka ware babi guda don aikin Maraɗi. Shekara uku bayan haka, a 1978, aka yi babban taron Alma-Ata a kan wannan hanya. Tsofaffin garinku za su ba ka labarin mai akwatin. Za su kuma gaya maka yadda akwatin ya bushe a garuruwa da yawa da aka daina zuwa duba shi.

Daga 2001, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka gina ɗakunan magani na ƙauye wajen dubu biyu, aka zuba musu ma'aikata masu horon watanni. A 2006 aka mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Da wannan, da gidan sauro, da rigakafi, mutuwar ƙananan yara ta ragu: a 1998 cikin yara dubu 226 ne ba sa kai shekara 5, a 2009 suka koma 128. Ba lokotoro ne suka yi yawancin wannan aiki ba.

Wajen bisashe ma haka. Bushiya, ciwon da ya share shanun ƙasar nan wajen 1890, an fara babban yaƙi da ita a 1962 a Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru. Masu allurar da suka bi rijiya rijiya, yawancinsu ƙananan ma'aikata ne. A 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya. A Dakwaro, maƙwabciyar Mayahi, daga 2003 aka kafa wani tsari: likitan bisashe ɗaya mai cikakken karatu, a ƙarƙashinsa mataimaka da yawa daga cikin makiyaya, masu horon kwanaki. Shi yake ba su magani na ƙwarai, shi suke kira in abu ya fi ƙarfinsu. Jar akuyar nan ta Maraɗi, wadda ƙasar Tasawa ta yi suna da ita, wadda ita ce bankin mata, irin wannan mataimaki na kusa take bukata kafin kowa.

Ka lura da abin da ya sa waɗannan suka yi kyau. An ba kowa aiki daidai da horonsa. An kira shi da sunansa na gaskiya. An gaya masa iyakarsa, an kuma sa wani a samansa. Inda ɗayan ukun nan ya faɗi, sai ka samu mutumin da ya yi kwana goma a horo yana yawo kasuwa kasuwa da jaka, ana ce masa lokotoro, yana yi wa mutum da jaki allura daga kwalba ɗaya.

Akwai ma ragi a aikin fiɗa, kuma wannan ya fi kusa da tambayarmu. Cikakken likitan fiɗa sai ya ƙara shekara 4 ko 5 bayan ya zama lokotoro. Ƙasarmu ba za ta iya jiran wannan ga kowace gunduma ba. Cikin shekarun 2000 aka riƙa ɗaukar lokotoro da suka riga suka yi aiki, a ba su horon shekara ɗaya a kan fiɗar da ake yawan bukata a asibitin gunduma, kamar ciro jariri da gyaran gwaiwa. Shekara ɗaya ta isa domin tana zaune a kan shekara bakwai. A Mozambik, daga 1984, ma'aikatan lafiya masu gogewa ake ba horon fiɗa na shekara 3. Da aka bincika, su ne suke yin kusan duk fiɗar haihuwa a asibitocin karkara. Bayan shekara 7 kusan tara cikin goma suna nan inda aka kai su, sabbin lokotoro kuwa duk sun koma birni.

Wannan na ƙarshe shi ne babbar hujjar buɗe wa manya ƙofa. Wani zai ce kujerun jami'a kaɗan ne, a ba yaro wanda zai yi shekara 30 yana aiki, kada a ba mai shekara 40. A takarda lissafin ya fita. Amma shekara 30 a ina? Mutumin da gonarsa take Sarkin Hausa, matarsa da ƴaƴansa suna can, kabarin ubansa yana can, shi ne zai zauna. Shekara 12 a Mayahi ta fi wa mutumin Mayahi amfani bisa shekara 30 a Yamai ko Faransa.

Saboda haka ga inda na tsaya. Kada a rage wa kowa don shekarunsa. A rage masa don abin da ya nuna ya sani. A gwada shi a ƙofa, a baki da a rubuce da a gaban majinyaci. Abin da ya iya, a tsallake masa shi, ko wata shida ne ko shekara biyu. Majo za a rage masa ta wajen aikin hannu. Wanda ya karanci ilimin halittu a jami'a za a rage masa ta wajen littafi. Ɗan kasuwa mai shekara 45 da bai taɓa ko ɗaya ba, ba abin da za a rage masa, kome hankalinsa. Ranar fita kuwa jarrabawa ɗaya, ba sani ba sabo.

Sauran nauyin da ke kan babba ba na karatu ba ne, na tukunya ne, kuma a tukunya ya kamata a sauƙaƙa masa. Gwamnati takan sallami ma'aikacinta ya koma karatu da albashinsa. A faɗaɗa wannan ga ma'aikatan lafiya da na kiwo na karkara, da sharaɗin su dawo gundumarsu su yi wasu shekaru. Tun da akwai makaranta a Maraɗi, mutumin Tasawa yana iya zuwa gida ƙarshen wata ya ga gonarsa. Ƙungiyar makiyaya ko ta manoma ma tana iya ɗaukar nauyin mutum ɗaya nata, kamar yadda gari yakan ciyar da almajiri har ya sauke.

Sai maganar mata, wadda ta fi duka wuya. Magidanta da yawa a ƙasar nan ba sa son namiji ya karɓi haihuwar matansu. Amma yarinyar da za ta zama likitar matan, an cire ta daga lekkol tana da shekara 14 ko 15 an yi mata aure. Wata ta kai kwaleji kafin a cire ta. Yau tana da shekara 30 da ƴaƴa huɗu, kanta yana ja, tana son komawa. Ita ba majo ba ce, ba ta da shekarun aiki da za a duba a rage mata. Hanyarta doguwa ce: ta gama abin da ta bari, ta yi shekara 3 ta zama ungozomar asibiti, ta yi aiki, daga nan in tana da ƙarfi ta hau gaba. Kowane mataki yana da takardarsa da albashinsa, ko ta tsaya a nan ba ta yi asara ba. Abin da zai tsai da ita ba yawan shekarun ba ne. Wa zai riƙe mata yara, wa zai yi daka, kuma maigida zai bari ta kwana Maraɗi ko Damagaram wata tara a shekara?

Wannan ba minista ne zai amsa ta ba. A zauren gidanku amsar take. In kun taru a makaranta wannan sati, ku karanta takardar nan da ƙarfi don waɗanda ba su kai ga karatu ba su ji. Sannan ku ƙirga: mata nawa ne a garinku suka taɓa shiga kwaleji, suna ina yanzu, kuma mazan nawa ne za su yarda su koma. Ku sa ɗaya daga cikinku ya rubuta abin da kuka samu, da sunan garinku, ku ba malaminku ya aiko mana.